Fansho, Garatuti da Diyyar Nakasa: Yadda Za Ka Shirya Tun Kana Bakin Aiki

Kafin ka tambayi nawa za ka samu ranar da ka ajiye aiki, fara sanin a wane tsari sunanka yake. Na yi aikina a sashen kula da ma'aikata na wata hukumar tarayya a nan Kano, hannuna bai rabu da fayil ba har na yi ritaya, kuma har yau maƙwabta da 'yan'uwa suna biyo ni gida da takardunsu a leda. Abin da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki ƙafa zuwa ofishin da ba nasa ba. Ma'aikacin ƙaramar hukuma yana neman ofishin Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, na tarayya kuma yana lissafa garatutinsa da jadawalin da aka yi wa mahaifinsa lissafi da shi. Dukansu kuɗin Adaidaita Sahu kawai za su ƙarar.

Tsari uku ne ke tafiya a garin nan, ban da na soja da jami'an tsaro na farin kaya, waɗanda aka ware musu nasu daban.

Tsohon tsarin tarayya shi ne wanda iyayenmu suka sani, na Doka ta 102 ta 1979. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin komai. Shekara 5 ta aiki garatuti kaɗai take ba ka, sai ka cika 10 kake shiga sahun 'yan fansho. A shekara ta 10 garatuti albashin shekara guda ne cif, fansho kuma kashi 30 cikin 100. Daga nan kowace shekara tana ƙara kashi 8 a garatuti da kashi 2 a fansho, har a kai shekara 35, inda garatuti ke zama albashin shekara uku, fansho kashi 80. A ce albashinka na ƙarshe naira 1,200,000 ne a shekara, garatutinka 3,600,000 ke nan, fansho 80,000 duk wata. Waɗanda suka rage a wannan tsari su ne waɗanda suka ajiye aiki zuwa ƙarshen Yuni 2007, kuma hukumar PTAD da aka kafa a 2013 ce ke biyan su. Idan har gobe kana zuwa ofis, wannan ba naka ba ne.

Na biyu shi ne adashin gata. Obasanjo ya sa wa dokarsa hannu a 2004, Jonathan ya sa wa wadda ta maye gurbinta hannu a 2014. Ana cire kashi 8 daga albashinka, ma'aikatarka ta ɗora aƙalla kashi 10, a zuba a asusun ajiyar ritaya mai sunanka da lambarka. Idan albashin da ake lissafi a kansa 150,000 ne, kai ka ba da 12,000, gwamnati 15,000, asusunka ya karɓi 27,000 a wata. Kamfanin kula da fansho, wanda muke kira PFA, shi ke juya kuɗin, wani kamfanin daban ke riƙe da su, Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, tana sa musu ido. A nan babu jadawalin shekaru. Abin da ya taru a asusunka da ribar da ya jawo, shi ne fanshonka.

Na uku namu ne na jiha, wanda ya game ma'aikatan jiha, na ƙananan hukumomi 44 da malaman firamare. Dokar 2006 ce ta zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Tun farko ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8, gwamnati kashi 17, amma kuɗin ba ya shiga asusu mai sunan kowa. Wuri guda ake tara shi a hannun Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta Jihar Kano, ita kuma ta biya fansho da garatuti gwargwadon shekarun aikinka da albashinka na ƙarshe. Fanshon wata yakan riga garatuti fitowa. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na sama da naira biliyan 48, ta kuma fara biya kashi-kashi tun ƙarshen 2023. Saboda haka shawarata ga ƙanina da ke aikin jiha, wadda nake ba kowa, ita ce kada ya ci bashi ko ya sa ranar auren 'yarsa a kan garatutin da bai ga alat ɗinsa ba.

Ranar da za ka tafi

A aikin gwamnati, shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, wadda ta riga zuwa. Wanda aka haifa a 1968 ya kama aiki a 1990, shekarun aiki ne suka fitar da shi a 2025, yana da shekara 57. Wanda aka haifa a 1966 ya kama aiki a 1996, shekarun haihuwa ne ke fitar da shi a 2026 da aikin shekara 30 kacal. Farfesoshin jami'a suna kaiwa 70. Dokar tarayya ta 2022 ta kai malaman makaranta 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki, amma malamin jiha ya nemi takardar sanarwar da ke aiki a ma'aikatarsa ya karanta da idonsa, kada ya dogara da abin da ya ji a majalisa.

Kada ka zarce ranarka ko da wata guda. Albashin da ka ci bayan ranar, bashi ne, kuma za a zare shi daga haƙƙinka kafin ka ga sauran. Rubuta takardar sanar da ritaya wata uku kafin lokaci, kamfanin fanshonka kuma ka sanar da shi tun saura wata shida.

Fayil

Nan ne mutane suke faɗuwa, kuma nan ne ka fi ƙarfin gyarawa da kanka. Mai lissafin fansho bai san ka ba. Bai ga yadda kake zuwa ofis kafin kowa ba, bai san ka yi aiki a ƙauyen da babu ruwa babu wuta ba. Takardar da ke gabansa kawai yake karantawa, abin da babu a cikinta kuwa a wurinsa bai faru ba.

Tun saura shekara biyar ka je rajista ka roƙi a fito maka da fayil ɗinka ka zauna ka duba shi shafi-shafi. Nemi takardar ɗaukarka aiki ta farko, da ta tabbatar da kai a aiki, da takardar kowane ƙarin girma ba tare da tsallake ɗaya ba, da gazet idan an buga ka a ciki, da takardar tarihin aikinka da aka sa wa hannu da hatimi. Idan ka taɓa tashi daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, ko daga jiha zuwa tarayya, nemi takardar sauyin wurin aiki da amincewar wurin da ka koma. In babu ita, shekarun da ka yi a wurin farko suna iya zubewa, kuma neman a haɗe maka su ya fi sauƙi yanzu da waɗanda suka san ka suke kan kujera. Ka yi hoton kowace takarda kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin wanda ka yarda da shi, ka kuma ɗauke su a waya. Na ga fayil da gara ta cinye rabinsa, na ga wanda ruwan sama ya manne shafukansa suka zama dunƙule guda.

Sai ranar haihuwa. Da yawa daga cikinmu ba a asibiti aka haife mu ba, hedimasta ne ya dube mu ya yanka mana shekara. Daga baya mutum ya yi takardar rantsuwa a kotu da wata shekarar, ya yi BVN da wata, ya yi NIN da wata. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce ranar da aka rubuta lokacin da aka ɗauke ka aiki ita ce ranarka har ka fita, ba a sauya ta. Don haka sauran takardun ne za ka daidaita da ita, ba ita za ka je kana kankarewa ba. Fayil mai gogen ranar haihuwa ya fi kowane fayil daɗewa a kan tebur.

Suna ma haka. Akwai wani masinja da muka yi aiki tare, mutumin kirki, wanda takardar ɗaukarsa ta ce Mamman, takardar albashi ta ce Mohammed, banki ya ce Muhammad, katin ɗan ƙasa kuma ya ƙara masa sunan unguwarsu a ƙarshe. Mu duk mun san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta sani ba. Sai da ya yi rantsuwa a kotu, ya buga a jarida, ya bi layin gyaran NIN, duk bayan albashi ya tsaya, yana da iyali goma sha. Da a ce yana bakin aiki ya yi, da bai ji nauyinsa ba. Ke ma da kika koma amfani da sunan maigida bayan aure, tabbatar takardar canjin sunan tana cikin fayil. Garba da Abubakar, Kulu da Hauwa'u, Ɗanjuma da sunan yanka, ka zaɓi guda ka tsaya a kai.

Idan kana adashin gata

Karɓi bayanin asusunka aƙalla duk wata uku ka bi shi wata-wata. Doka ta ce ma'aikata ta tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. In ka ga watan da aka cire a takardar albashi amma bai shiga asusu ba, kai wa jami'in fansho na ma'aikatarku a rubuce tun abin yana sabo. Wanda ya buɗe asusu kafin Yuli 2019 kuma bai je an sake ɗaukar bayanansa da hotonsa da NIN ba, ya je yanzu, don ba za a biya shi ba sai da wannan. Waɗanda suka cike fom a kamfani biyu lokacin da wakilai ke yawo ofis-ofis suna da lamba biyu, su je a mayar musu guda. Kuma tun Nuwamba 2020 kana da damar barin kamfanin da bai gamsar da kai ba zuwa wani, sau ɗaya a shekara, ba tare da ka biya komai ba.

Wani abu da mutanen Kano da yawa ba su sani ba: tun 2021 akwai Asusu na Shida, wanda ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, ana zuba kuɗinsa a sukuk, wato takardun lamuni marasa ruwa, da hannayen jarin da suka dace da Shari'a. Mai aiki da ɗan fansho duk suna iya komawa, takarda kawai za ka cike a kamfaninka. Ni na koma, kuma hankalina ya fi kwanciya.

Idan an ɗauke ka aikin tarayya kafin ƙarshen Yuni 2004, shekarun da ka yi kafin adashin gata ba su ɓata ba. Ana lissafa su a matsayin tsohon haƙƙi, gwamnati ta zuba a asusunka idan ka yi ritaya. Amma sai ka shiga rajista da tantancewar da PenCom ke yi kafin ka fita. Yanzu ta intanet ake farawa, sannan ka kai takardun asali kamfaninka a duba. Abin da za a fi nema shi ne shaidar matakin albashinka a watan Yuni 2004, don a kansa ake gina lissafin. Wanda ya tsallake tantancewar ya ja wa kansa jira. Shi kansa tsohon haƙƙin ya sha yin jinkiri, shi ya sa a Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho da suka taru.

A ƙa'ida, ba a taɓa asusun sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50. Wanda aikinsa ya tsaya kafin 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cirar kashi 25, sauran ya jira.

Ranar da komai ya kammala, za a zaunar da kai a nuna maka lissafi. Abin da mutane ke kira garatuti a nan, dunƙulen kuɗi ne daga cikin asusunka. Yawanci kashi 25 ne, ba ya haura haka sai in ragowar za ta iya ba ka fansho mai kauri. Duk abin da ka ƙara ɗiba a dunƙule, daga fanshon watanka ka rage shi. Wanda kuma ajiyarsa ba ta kai ta ba shi ko ɗaya bisa uku na mafi ƙarancin albashi a wata ba, ana ba shi kuɗinsa duka a sallame shi.

Sai zaɓin da ya fi kowanne nauyi. Ko ka bar kuɗin a hannun kamfanin fansho yana ci gaba da juya su yana yanka maka wata-wata, ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya ɗauki alkawarin biyan ka har ƙarshen rayuwarka. A na farko, asusun naka ne, ranar da ka rasu abin da ya rage na magada ne, kuma lokaci-lokaci akan ƙara fansho idan riba ta taru. Amma ƙarfinsa iyakar abin da ke cikin asusun ne. A na biyu, ko ka shekara ɗari za a biya ka, sai dai garantin magada shekara 10 ne: ka rasu a cikinsu a ba su ragowar, ka wuce su ba su da komai. Kana iya tashi daga na farko ka koma na biyu, amma daga na biyu babu dawowa. Ni na tsaya a na farko saboda ina da ƙananan yara. Wanda 'ya'yansa suka kama ƙasa, tsoronsa kuma tsawon rai ne ba tare da abin hannu ba, ba zan ga laifinsa ba in ya zaɓi na biyu. Abin da ba na so shi ne ka sa hannu a ranar da aka fara nuna maka takardar, ko don wani wakili ya biyo ka har masallaci. Tafi da ita gida ka kwana a kanta.

Idan lafiya ta gagara

Wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, don a nan ne na ga haƙƙi mai yawa ya salwanta saboda rashin takarda guda.

Abu biyu ne, kada a haɗa su. Akwai ritaya saboda rashin lafiya, akwai diyyar rauni ko cutar da aiki ya jawo.

Dokar 2014 ta ba ma'aikaci damar taɓa asusunsa kafin shekara 50 idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aikinsa ba, a jiki ko a ƙwaƙwalwa, ko nakasa ta dindindin ta same shi. Ba sai ciwon ya samo asali daga wurin aiki ba. Shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, makanta, taɓin hankali, duk suna ciki. Sharaɗin shi ne ma'aikatar ta yi maka ritaya a rubuce bisa wannan rahoto. Dokar ta kuma ce kana iya neman a sake duba lafiyarka duk shekara biyu, idan Allah ya ba ka sauƙi ka sami wani aiki ka koma cikin tsarin.

Ga inda ake samun matsala. Wani direbanmu ya faɗi da asuba, ɓarin jikinsa ya shanye. Bayan kwanaki a asibiti 'yan'uwa suka ɗauke shi zuwa ƙauye don maganin gida, babu wanda ya tuna da ofis. A ofis kuwa takarda ta nuna mutum ya daina zuwa aiki ba izini. Aka tsayar da albashi, aka fara shirin kora. Ranar da maiɗakinsa ta zo, goye da yaro, katin asibiti kaɗai ke hannunta, duk ya yi laushi saboda riƙo. Da wannan katin muka bi aka nemo fayil ɗinsa na asibiti, likita ya rubuta rahoto, aka kafa kwamiti, aka mayar da korar ritaya. Da katin ya ɓata, ban san inda za mu kama ba. A tsarin da gwamnati ke biyan garatuti da fansho bisa shekarun aiki, kora tana cinye duka biyun. A adashin gata abin da ke asusunka naka ne ko an kore ka, amma ka rasa damar taɓa shi da wuri ta hanyar rashin lafiya.

To, duk gidan da ma'aikaci ya kwanta: a cikin makon farko a rubuta wa shugaban ma'aikatarsa takarda, a haɗa da shaidar asibitin gwamnati, a karɓi kwafi mai hatimi. Ba na hana kowa neman magani inda ya ga dama, amma a bar sawu a asibiti, ko Murtala, ko Malam Aminu Kano, ko na ƙashi a Dala, ko na ƙwaƙwalwa a Dawanau. Taɓin hankali ne aka fi ɓoyewa saboda kunya, shi ne kuma ya fi jawo kora, domin mai ciwon ba zai iya kare kansa ba. Ɗan'uwan da ya kai rahoton Dawanau ofis ba tona asiri ya yi ba, abincin iyalin ya tsare.

Diyyar rauni kuwa tana ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke tafiyar da ita, kuma tana da ofis a Kano. Ta shafi ma'aikacin gwamnati da na kamfani, har mai aiki a masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa. Mai ɗaukar aiki ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, doka ta hana a cire daga naka. Ba raunin cikin ofis kaɗai ta rufe ba. Hatsari a kan hanyarka tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, haka cutar da sana'ar ke jawowa, haka kurumcin da ƙarar injin ke haifarwa. Idan nakasar ta hana ka aiki kwata-kwata, kashi 90 na albashinka ake biya duk wata, mai 100,000 ya karɓi 90,000. Idan rage maka ƙarfin nema ta yi, kashi 90 na abin da aka ƙiyasta ka rasa. Ana biya har ka kai shekara 55, wanda kuma ya riga ya kai 55 lokacin raunin ana biyansa shekara biyu. Akwai kuɗin magani da kayan taimako irin su ƙafar roba.

Sai dai dokar tana da wa'adi, kuma wa'adin gajere ne. Kai ko iyalinka ku sanar da ma'aikata cikin kwana 14. Ita ma'aikatar ta kai rahoto hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya ta shiga cikin shekara guda, ba a wuce haka sai da uzuri na musamman, shi ma iyakarsa shekara 3. Idan hatsarin mota ne, karɓi rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, ka rubuta sunayen waɗanda suka gani. Kada ka yarda a tura maka 'yan kuɗi a ambulan a ce ka sa hannu ka yafe. Dokar ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure ka. Kuma tun kana lafiya ka tambayi sashen kuɗi ko ma'aikatarku ta yi rajista da hukumar tana biya, don nan ne maganar take tsayawa ko ta wuce.

Akan tambaye ni game da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ware musu aƙalla kashi 5 na guraben aikin gwamnati, ta kuma kafa musu hukuma, amma ba dokar alawus na wata ba ce. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka a jerin masu karɓar albashin nakasa a ƙarƙashinta, ka riƙe kuɗinka.

Idan rai ya yi halinsa

Ma'aikacin adashin gata da ya rasu yana bakin aiki ya bar abu biyu: abin da ke asusunsa, da inshorar rai da doka ta wajabta wa ma'aikatarsa, wadda ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Iyalai da yawa na farkon kaɗai suke bi, ba su san da na biyun ba. Kuɗin inshorar wanda mamacin ya rubuta a fom ake miƙa wa. Na asusun kuwa sai da takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci ko wasiyyar da kotu ta tabbatar, tare da shaidar rasuwa, kuma kamfanin yakan aika kotun ya tabbatar da ingancinta. A tsohon tsari, ɗan fanshon da ya rasu kafin ya cika shekara 5 da ritaya, iyalinsa ke karɓar fanshon har shekara biyar ɗin ta cika.

Gurbin nan na ɗan'uwa mafi kusa da muke cikewa a fom ba rabon gado ba ne. Wanda ka rubuta wakili ne da za a nema, ba shi ya gaje ka shi kaɗai ba. Na ga gidaje sun rabu a kan wannan, musamman inda akwai mata biyu ko uku, an rubuta uwargida tun ana saurayi da budurwa ba a sake waiwayar fom ɗin ba. Wani ma mahaifinsa ya rubuta, mahaifin ya riga shi rasuwa da shekaru. Je ka sabunta. Ka tara iyalinka ka faɗa musu sunan kamfaninka da inda takardu suke. Idan kuɗin ya fito, a kai gaban alƙalin kotun Musulunci ko malamin da ya san ilimin gado, a fitar da bashi da wasiyya, sannan a raba.

Bayan fansho ya fara shiga

Tantancewa ba ta ƙarewa. 'Yan PTAD suna tabbatar da suna raye ta waya ko kwamfuta, da hoton fuska ko yatsa, lokaci-lokaci, wanda ya yi sakaci a dakatar da nasa. Jiha ma takan kira tantancewa. Dattijon da ba ya iya fita, 'ya'yansa su sanar a rubuce kafin ranar, ba bayanta ba. Kada ka canja asusun banki ko layin waya ba tare da ka sanar da mai biyan ka ba. Kuma babu jami'in fansho na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko wadda banki ya turo maka, ko ya ce ka tura wani abu a saki ariyas ɗinka.

Tsarin mulki na 1999, a sashe na 173 ga tarayya da na 210 ga jihohi, ya ce a sake duba fansho duk shekara 5 ko duk lokacin da aka duba albashi, wanda ya riga zuwa, ya kuma hana a ɗora masa haraji. Ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa tana da reshe a Kano, ita ke bin irin wannan, shiga cikinta ya fi bin layi kai kaɗai.

Idan an rage maka ko an tsayar, kada ka tsaya ga ƙorafin baki. Rubuta takarda, sa lambar fayil ɗinka ko ta asusunka, faɗi watan da abin ya fara da adadin da ya ragu, haɗa bayanin banki na watannin. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da shi. Ɗan adashin gata ya fara da kamfaninsa, in shiru ya kai ofishin PenCom na shiyyar Arewa maso Yamma da ke nan Kano. Ɗan tsarin jiha ya fara da Hukumar Amintattu ta hannun ma'aikatar da ya bari. In duk ba a ji ba, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ba ta karɓar ko sisi, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ita ke da hurumin shari'ar fansho da garatuti, ita ma tana zama a Kano.